Shekarar da Zoɓo Ya Zama Alƙali

Na ji abin da kuke faɗa a kaina game da Malama Saratu, kuma na daɗe ina ji. Wasunku na cewa don Kirista ce ban so ta ba. Nasiru kuwa, da yake shi bakinsa ba linzami, ya taɓa faɗa a gaban baƙi wai Inna ba ta so babbarmu ta yi boko ba, Baba ne ya tsaya tsayin daka. Duka biyun ba gaskiya ba ne, kuma ba na so in mutu in bar ku da su. Maƙwabtanmu na jikin katanga a Gwaram, gidan ma'aikacin asibitin nan, Kiristoci ne, kuma a tukunyata matarsa ta koyi tuƙa tuwon dawa. Boko kuwa, ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da goyo a baya don in iya rubuta abin da kuke karantawa yanzu, ba ni za a kira maƙiyiyarsa ba. Abin da ke tsakanina da Malama Saratu kishi ne, tsagwaronsa, a kan 'yar da na haifa. Kuma kada wani ya gyara zama yana jiran in ba da haƙuri. Bayani kawai zan yi.

Babbarku ita ce 'yar farina. Ku da kuke ƙwala wa 'ya'yanku na fari kira a tsakiyar kasuwa, har da sumba a goshi, sai an yi muku dalla-dalla. A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yaba shi, ko faɗuwa ya yi ya fasa baki sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗauke shi. Kunya ake ce wa abin, da ita ake gane 'yar mutunci. Ni kuwa na yi kunyar har na zarce tsarana, don an yabe ni a kanta, yabon kuma ya yi mini daɗi. Da aka yaye ta, mahaifiyata ta zo ta goya ta ta tafi da ita Fagam, can ta yi wayo cikin ƙannena. Su Adda suke ce mini, sai ita ma bakinta ya kama Adda. Har ta dawo hannuna bayan rasuwar tsohuwa, tana 'yar firamare, ba ta sauya ba. Ku duk kuna cewa Inna, ita tana cewa Adda, kamar wata 'yar riƙo. Ni kuma in ce "ke", in ce "waccan", in na matsu in ce "ina yarinyar nan?" Abin da na iya kawai shi ne na ɓoye. In tura mata tsoka ƙarƙashin tuwo, in bar mata ƙanzon da take so, in tana zazzaɓi in yi ta zarya a ƙofar ɗakin wai ina neman tsintsiya, alhali tana hannuna. Na ɗauka ta gane. Har yau ban san iyakar abin da ta gane ba.

Lokacin da take zama tawa sosai shi ne babban hutu, na damina. Muna da ɗan fili a bayan gida cikin danga, ni da ita muke shuka yakuwa. Mu ci ganyen a miya, da kaka in girbe zoɓon in shanya, in riƙa dafawa ana sayar mini ranar kasuwa. A bayan dangar nan ba mai ganinmu. Can ma ba na kiran sunanta, amma mukan yi hira muna cirar ciyawa, har ta taɓa kwaikwayon tafiyar hedimasta ta sa ni dariyar da na zauna daɓas a ƙasa. Duk shekara wannan hutun nake jira, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Da ta shiga makarantar kwana ta 'yan mata a Birnin Kudu, shekarun farko ba abin da ya sauya. Sai shekarar da ta shiga ajin kimiyya, ta dawo hutu da sabuwar kalma a baki. Mama. Mama ta ce kaza, Mama ba ta son a bar ruwa a buɗe, Mama ta ce mace ma tana iya haɗa magani. Na ɗauka wata tsohuwa ce mai dafa musu abinci. Ashe malamarsu ce ta kemistiri, mutumiyar kudancin Kaduna, sunanta Saratu, kuma 'yan ajin duk Mama suke ce mata. Na san duk suke faɗa. Amma daga baki ɗaya kawai kalmar take sukata.

Wata rana da hantsi ina dama fate, na zuba yakuwa, na ɗanɗana na ji tsami ya yi yawa. Sai na tsiyaya ruwan kanwa, yadda nake yi tun kafin a haife ta. Kumfa ta taso, ganyen ya yi duhu. Ban ankara ba sai ga ta tsaye a kaina, ido waje.

"Adda, kin san abin da kika yi yanzu?"

"Fate nake yi."

"A'a, asid kika haɗa da alkali. Yakuwa asid ce, kanwa alkali ce, in suka haɗu sai su kashe juna. Mama ta nuna mana."

Na ce, "Kanwar ce alƙali? A wace kotun?"

Babanku yana gindin rumfa yana gyaran rediyonsa, ya tuntsire da dariya har ya saki batir. Ita kuwa ba ta ga abin dariya ba. Ta ce alkali ta ce, ba alƙali ba, kalmar littafi ce. Sai ta shige ɗakina, ta buɗe kabad, ta kwaso kofunan gilashina na baƙi, waɗanda ko babanku bai taɓa shan ruwa da su ba. Da wani cikinku ne da ya sha muciya. Ita na zuba mata ido. Ta ɗebi busasshen zoɓo ta jiƙa a ruwan zafi, ta tace, ta sirka shi har ya yi shara-shara, ta raba a kofunan ta jera su a kan tabarma. Ta matsa lemun tsami a na farko, sai ya ƙara yin jawur. Ruwan tsamiya ma haka. Ta ɗiga ruwan kanwa a wani, a gaban idona jan ya mutu, ya koma shuɗi-shuɗi, ya zarce kore mai duhu. Ruwan toka ya yi irin haka, ruwan sabulu ma ya bi sahu. Ku ƙanana kuka yi ta tsalle kuna cewa tsafi ne. Ta ɗauki kofin da ya koma kore ta matsa masa lemun tsami, jan ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba.

Daga nan ta zauna ta yi mana karatu, da murya irin ta wata ba tata ba. Ta ce duk abin da yake ruwa-ruwa yana da ɓangare. Akwai ɓangaren tsami, su tsamiya da lemun tsami da kindirmon da ya kwana, har da ruwan batirin mota, shi ne asid. Akwai ɓangaren santsi, su kanwa da toka da sabulu da sodar da ake yin sabulun da ita, shi ne alkali. An yi musu ma'auni, pH suke ce masa, daga sifili zuwa goma sha huɗu. Ruwa mai tsabta yana tsakiya, a bakwai, ba ya bayan kowa. In aka yi ƙasa da bakwai asid yana ƙara ƙarfi, in aka yi sama alkali ne yake ƙarawa. Ta ce a makaranta da wata 'yar takarda ake gwadawa, litimos, wadda take yin ja a asid ta yi shuɗi a alkali, amma tasu ta ƙare ba a kawo wata ba, shi ne Mama ta ce zoɓo ma zai yi aikin.

Na ce, "To ai ba kanwar ce alƙali ba. Zoɓon ne alƙali, tunda shi ake kai wa ƙara ya faɗi ɓangaren kowa."

Babanku ya ce wallahi na fi su gane karatun. Ita ma ta yi dariya har da tafi, zuciyata ta yi fari. Sai ta ce:

"Kai! Sai na faɗa wa Mama wannan!"

Nan take farin cikin ya gushe. Ko barkwancin da na yi mata, tsaraba ya zama da za a kai wa wata. Kuma zan faɗi gaskiya, abin da ta nuna abin mamaki ne. Na tsufa ina ganin zoɓo yana duhu in kanwa ta taɓa shi, ban taɓa tambayar dalili ba, ban taɓa tunanin za a iya bincikar wani abu da shi ba. Matar nan ta san abin da ban sani ba, ban musa ba. Abin da ya ci mini rai shi ne idon yarinyar. Shekara da shekaru tana tsugune a gefen murhuna kanwa tana kashe tsami a gabanta, ba ta taɓa ɗaga kai ba. Wata ta yi mata a cikin gilashi, ta dawo idonta yana walƙiya.

Ranar komawa, tana ɗaure akwati, ta ce mini ranar bizitin, wato ranar ziyarar iyaye, in taimaka in kawo mata zoɓo jarka guda, amma kada in sa masa komai. Na ce to. A raina na ce yarinyar nan tausayina take ji, ba ta so in wahala. Wa yake shan zoɓo lami? Kuma ga dama ta samu. Matar da ake cika mini kunne da ita za ta ga daga inda yarinyar ta fito. Na zaɓi zoɓon da ya fi kowane ja, na daka citta da kanumfari da masoro, na jefa ɓawon abarba, na zuba sukari ba tsoro, na ɗan ɗiga kanwa don tsamin ya kwanta, yadda masu sayena suke so. Na naɗe jarkar da jiƙaƙƙen buhu, na shiga bas daga Gwaram da ita a kan cinyata. Yaron mota ya ce in kawo a sa a but, na ce ya sa kansa a but.

A ƙarƙashin itatuwan darbejiya iyaye suke shimfiɗa tabarmi. Ina zaune sai na hango ta tafe da wata gajeriyar mata mai tabarau, tana tafe tana dariya, hannunta a kafaɗar 'yata. Tun daga nesa na ji sunan yarinyar a bakinta. Ɓaro-ɓaro take faɗarsa, a gaban jama'a, kamar ita ta yanka ragon. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, da Hausarta mai sauri irin ta mutanen can, ta ce na haifi yarinya mai kai, mai hannu, mai haƙuri. Duk kalmar yabo sai ta haɗa da sunan. Ni kuwa sai kau da kai nake yi ina cewa, "Ai sai dai ku yi ta haƙuri da ita." Ita kuma 'yar tawa ta buɗe jarka ta shinshina, na ga fuskarta ta faɗi.

"Adda, citta nake ji. Kin sa sukari?"

"An sa."

Ta ɗanɗana. "Har da kanwa? Adda, ai na ce kada a sa komai. Na gwaji ne. Gobe 'yan aji duk da shi za su yi aiki, na riga na yi wa Mama alkawari."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Malama ta karɓi kofi ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce:

"Wannan alƙalin tun daga gida aka ba shi toshiyar baki, ba zai faɗi gaskiya duka ba. Amma Maman, wallahi ban taɓa shan zoɓo irin wannan ba. Na gwaji a kasuwa ma za mu samu. Wannan na sha ne."

Ta shanye ta ƙara. Da ta yi mini wulaƙanci da na samu sauƙi, in koma gida in zage ta a raina in huta. Amma ta ɗauki maganata ta alƙali ta rufa mini asiri da ita, ta bar ni ba abin da zan riƙe a kanta. Babu abin da ya fi wuya irin kishin mutumin kirki.

Malama ta matsa mini lallai sai na ga ɗakin gwajinsu. Kwalabe ne jere a kan kanta, wasu da hoton ƙoƙon kan mutum. Ta nuna mini wata ta ce wannan ɗan'uwan ruwan batir ne, ta nuna wata ta ce wannan soda ce, wadda na san ta taɓa saɓule wa wata mai sabulu fatar hannu a unguwarmu. Ta ce harshe yana gane tsamin tsamiya, amma wanda ya ce zai ɗanɗana waɗannan ya rabu da harshen, shi ya sa ake neman abin da zai shiga ya faɗi gaskiya da launi. Sai ta ce wa 'yata ta nuna mini. Akwai wani dogon bututun gilashi mai ɗan famfo, alkali yana ɗiga daga ciki zuwa kwalbar asid da aka sa wa launi, ɗigo bayan ɗigo, ana jiran ɗigon da zai juya launin. Yarinyar ta kama murɗa famfon da sauri, don ina kallo. Malama ta matso ta bayanta ta riƙe mata wuyan hannu, tana cewa a hankali, a hankali. Launin ya juya, suka yi shewa tare. Ni ban ga launin ba. Hannun nake kallo, wanda rabona da riƙe shi tun tana shan nono. A bas ɗin komawa jarkar ba komai a ciki, amma ta fi mini nauyi.

Ranar da aka ba da babban hutu, an yi shuka yakuwarmu ta fara fitowa, sai ga Malama Saratu a ƙofar gidanmu a kan acaɓa, da burodi da sabulu, 'yata a wani babur ɗin a bayanta. Labari ya zaga cewa malamar Birnin Kudu ta zo, matan maƙwabta suka cika tsakar gida. Gwaggonku Hajiya Babba, yayar babanku, wadda ita ce ma'aunin mutunci a danginsu, ta zo ta zauna a kujerar tsakiya. Bayan an ci an sha, Malama ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce jarrabawar fita saura shekara, makaranta ba ta da isassun kaya, sai an dage. Tana tara 'yan mata kaɗan a gidanta cikin makaranta duk hutu tana yi musu karatu, kuma wannan ce ta fi sa wa rai. Tana roƙo a bar mata ita wannan hutun da masu zuwa, har a gama.

Babanku yana daga bakin zaure. Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai adalci, wani lokaci har adalcin ya yi yawa. Ya ce:

"Ni dai na amince. Amma ga mahaifiyarta nan, ita take da aikin damina da ita. Abin da ta ce shi ke nan."

Idanu suka dawo kaina. Yarinyar tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta riƙe labule, tana kallona. A'a ta taso mini tun daga ciki har bakin haƙora. Ina da hujja ma, in ce aiki ya yi mini yawa, ba wanda zai zarge ni. Hutun nan shi ne rabona da ita a duniya, sauran shekarar ta makaranta ce da Mama. Amma na ga yadda idonta ya yi a kan kofunan gilashi, na kuma san in na hana ta, za ta zauna, za ta yi cirar ciyawa, ba za ta ƙara kwaikwayon hedimasta ba. Na yanke a raina ta tafi. Saura yadda zan faɗa. Uwar 'yar fari, a gaban yayar mijinta da matan unguwa, hanya ɗaya take da ita ta cewa na yarda, Allah Ya yi miki albarka. Na taɓe baki na ce:

"Ni ina ruwana da ita? Ku tafi da ita mana, ko ma rage masu cin tuwo."

Mata suka yi dariya. Hajiya Babba ta gyaɗa kai, ta ce 'yar halak. Kowa a gidan ya ji abin da na ce, ya kuma ji abin da nake nufi, ban da mutum ɗaya. Malama Saratu ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta cikin tabarau, ta dubi yarinyar, na ga idon Malamar ya kawo ruwa. Ta miƙe ta je ta janyo ta jikinta, ta ce a hankali:

"Zo, 'yata. Ɗauko kayanki."

Yarinyar a cikinmu ta tashi, ta san al'ada sarai. Amma Birnin Kudu ta ba ta wasu kunnuwan, ban san da waɗanne ta ji ni ba. Ta sunkuyar da kai ta shiga ta ɗauko akwatin da ko buɗe shi ba ta yi ba. Da za su fita ta durƙusa ta ce, "Adda, sai na dawo." Na ce, "To," ina kallon turmi. Da baburan suka tashi na zagaya bayan danga na zauna cikin yakuwa. Abin da na yi a can ba na rubutawa ba ne.

Daminar nan ni kaɗai na yi cirar ciyawa, haka wadda ta biyo. Da kaka na girbe zoɓo na shanya, na cika buhu na ba direba ya kai makaranta, busasshe, ba citta ba sukari, na ce ya ce daga Gwaram ne. Haka na riƙa yi duk shekara har Malama ta bar aiki. Ɗalibai nawa suka koyi asid da alkali da zoɓon bayan gidana, Allah kaɗai Ya sani. Babbarku ta ci jarrabawa, ta wuce jami'a, yau ga ta tana aikin gwaje-gwaje a asibiti, likita ba ya rubuta magani sai ya ji daga bakinta. Ina alfahari, kuma ko wannan ban taɓa faɗa mata ba. Amma tun daga ranar nan hutunta ya rabu biyu, babban rabon kuma ba nawa ba ne. In ta samu labari mai daɗi, Birnin Kudu take fara kaiwa. Da aurenta ya zo, Malama ta kawo kayan ɗaki kamar uwa, ta yi kuka a fili kamar uwa, ni kuwa ina ɗaka ina kunya.

Sai babbarku ta haihu, 'ya mace. Ban faɗa wa kowa ba, amma na sa rai. Da safiyar suna ina madafa na ji maroƙi ya ɗaga murya daga waje: Saratu. Ba wanda ya ga aibu, suna ne mai asali, na matar Annabi Ibrahim. Ni kaɗai na ajiye ludayi. Ranar nan ce kuka ga na sha mur na ƙi cin abinci, kuma daga ita kuka ƙago labaranku na addini da boko. Abin da ba ku gani ba shi ne da la'asar, da mutane suka ragu, Malama ta same ni a ɗaki. Ta tsufa, gashinta ya yi fari, tana dogara sanda. Ta zauna kusa da ni ta ce ta san raina bai yi daɗi ba, ita ma ba ta nema ba. Na ce ba komai. Sannan ta ce:

"Maman, ki yafe mini in na shige miki da yawa. Ranar da na zo Gwaram na ji kin ce ba ruwanki da ita. A kan babur na yi wa Allah alkawari yarinyar nan ba za ta rasa uwa ba."

Na ce, "Malama, a wajenmu haka ake faɗa."

"Yaya?"

"Wadda ta fi ruwa da ɗa ita take cewa ba ruwanta."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce ta yi shekaru a ƙasar nan, ta ji ana maganar kunyar ɗan fari, amma ta ɗauka a suna kawai ta tsaya.

"To me ya hana ki faɗa mini, duk shekarun nan?"

Na ce, "Abin da ya hana ni ranar."

Ta ce da ana samun abin da za a ɗiga wa mutum ya nuna launinsa, da ba ta yi wannan kuskuren ba. Na ce ba kuskure ta yi ba, ta riƙe mini 'ya da amana, Allah Ya saka mata. Da gaske nake, kuma ina faɗa ina jin kishin yana nan inda yake, bai motsa ba. Bayan 'yan shekaru ta rasu a garinsu. Na yi mata kuka, na kuma ji haushin yadda 'yata ta fi ni kukan. Haka Allah Ya yi ni.

Yanzu jikata Saratu ta zama budurwa, kuma jika ba a jin kunyarsa. In ta zo hutu ina wuni ina ƙwala mata kira, Saratu kawo ruwa, Saratu rage wutar nan. Sunan matar da ta raba ni da 'yata ya fi kowane suna yawa a bakina, na wadda na haifa kuwa bai taɓa fita ba. Alhali ni na zaɓe shi. Ko babanku bai san haka ba, ta bakin gwaggona na aika masa tun ina da ciki, ta ce ita ce take so.

Hajiya Babba ta rasu, matan da suka yi dariya ranar nan saura ɗaya ko biyu, su ma ba sa gani. Na gwada faɗa da baki, kwanaki da babbarku ta zo duba ni, harshen ya ƙi. Amma ajin yaƙi da jahilci bai koya mini kunyar alƙalami ba. Saboda haka ku sauran ku matsa gefe, wannan layin ba naku ba ne.

Bilkisu. Da ruwana da ke.